Baƙuwar da Ke Jin Labari a Makare

Tun da aka dasa wa Injiniya Abdulbaƙi sabuwar zuciya ya raɗa mata suna Baƙuwa, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Aibinta ɗaya, ba ta jin labari da wuri, don an yanke jijiyoyin da ke kai mata saƙo lokacin tiyata. In mota ta kusa kaɗe shi a unguwar West Bay, sai ya tsallake titi, ya shiga ofis, ya zauna, sannan ƙirjinsa ya fara dukan uku-uku.

Da gasar kofin duniya da za a yi a ƙasar Larabawan da yake aiki ta matso, likita ya gindaya masa sharaɗi. Magungunan da yake sha sun raunana masa garkuwar jiki, don haka ko ya karɓi ƙarin allurar korona yanzu, ko ya kalli ƙwallo a falo. Mutumin da ya yi jinya yana mafarkin taron 'yan kallo a Corniche, dandalin bakin teku!

"Ni ba tsoro nake ji ba," in ji shi. "Allurar farko da tsohuwar zuciyata na yi. Wannan kuwa ban san ra'ayinta ba."

Matarsa Sakinatu ta ce, "To, tambaye ta mana, Baban Muhsina."

Ya kuwa tambaya. Ya dafa ƙirji, ya ce "allura" da ƙarfi, ya kasa kunne. Shiru. Sai suna tsakar cin tuwo ta buga. Ya ce ga shi nan, ta ƙi. Sakinatu ta ce yajin miya ne.

Gaskiyar magana, gogan da aka tsaga wa ƙirji allura yake tsoro. Amma har cikin ransa yana kuma tsoron cutar da amanar da wani bawan Allah ya mutu ya bar masa.

Da kyar Sakinatu ta ja shi asibiti. Nas Jael, 'yar Kafanchan, ta saurari bayaninsa kaf ba ta yi dariya ba.

"Oga, ita amana ai kare ta ake yi," in ji ta. "Kuma ba ka ce a makare take jin labari ba? Yalla, maza naɗe hannun riga mu gama kafin ta ji."

Kafin ya haɗa gardama an tsira masa. Ya fito yana cika baki, wai ko cizon sauro ya fi wannan. Sai da motarsu ta shiga unguwar Madinat Khalifa Baƙuwa ta tashi da bori, zufa ta karyo masa.

"Khalas, shi ke nan, ranki ya daɗe," ya ce yana shafa ƙirji. "An riga an yi, ki yi haƙuri."

Ranar da Maroko ta jefa ƙwallo a raga yana Corniche, sanye da takunkumi, ya yi ihu da tsalle tare da kowa. Bayan jama'a sun lafa, sai ga shi ya sake daka tsalle shi kaɗai. Sakinatu ta jawo rigarsa don kunya.

"Bar ni," in ji shi, idonsa ya ciko da ƙwalla. "Na farkon nawa ne. Wannan na mai ita ne, yanzu labarin ya iso."