Masara a Tankin Kara

Dakta ta ja ta tsaya a ƙofar masana'anta, jaka a kafaɗa, tana kallon leburori suna sauke buhuna daga manyan motoci uku. Masara ce, tsabarta, wadda ake dafawa a ci. Ranta ya ɓaci tun ba ta ji bayani ba.

Shekara bakwai ta yi a ɗakin gwaji tana fama da wasu ƙwayoyin bakteriya, tana sauya musu halitta, har suka koyi cin sukarin da ke cikin kara da totuwa, suna mayar da shi itanol, man da ake zuba wa mota. Duk wahalar nan don abu ɗaya ta sha ta: kada a ƙona abinci a inji. Da bakinta ta yi wa manoma wannan alkawari, mahaifinta na sahun gaba sai gyara zama yake.

Ko sallama ba ta yi ba ta faɗa ofishin Manaja.

"Yallaɓai, me masara take yi a nan?"

Ya yi murmushin wanda ya ci ya ƙoshi. "Zauna mana, Dakta. Aikin kara ya cika nawa. A niƙa, a dafa, a tace, a jira. Masara kuwa kwana biyu an wuce wurin."

"To wahalar me na sha? Masara ai ko yis ɗin burodi ya ishe ta!"

"Naki sun fi sauri. Tun jiya mataimakinki ya zuba su a tanki na biyu." Ya ɗaga kofin shayinsa. "Kuma ƙwayoyin nan na kamfani ne, ba ke kika haife su ba."

Ta fice ta bar masa ƙofa a buɗe. Tana hawa tsanin tankin tana fatan su ƙi ci, su mutu ma in ta kama. Ina! Da ta leƙa ta gilashin murfi, kumfa ce ke tashi kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ƙwayoyin da ta raina da totuwa sun samu gara, suna ci ba kunya ba tsoron Allah.

"Dakta, yaranki sun iya loma!" in ji mai kula da tankin, har da tafi. Ta watsa masa harara, ya haɗiye sauran dariyarsa.

Tana sauka maigadi ya aiko ana nemanta. Mahaifinta ne a bakin ƙofa, da tsohuwar motar kaya shaƙe da kara, nasa da na maƙwabta. An ce masa an daina karɓa.

Bai ko dubi karan ba. Wani buhun masara ya fashe a hanya, tayar mota ta bi ta kan abin da ya zube. Tsohon ya dafa gwiwa ya sunkuya, ya tsinci wadda ta tsira, ya hure ƙasar, ya gatsa ƙwaya ɗaya.

"Ta bushe da kyau. Wannan sai ta shekara biyu ba ta yi komai ba. Su wa za a ciyar?"

Ta so ta ce gwaji ne, na kwana biyu ne. Bakinta ya ƙi.

"Motoci, Baba."

Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ni fa na bi mutanen nan gida-gida. Na ce musu 'yata ba ta magana biyu."

Ya zuba masarar a aljihu, ya ce wa direba su juya. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.