Zakaran da Ya Biyo Mu Har Titi

Duk shekara da ƙanƙara ta fara narkewa a kan tsauni sai su cika mini masauki: masu son tsuntsaye, masu son furanni, har da masu son kwaɗi, Allah ya sauwaƙe. Daga Nancy, daga Strasbourg, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da takalmin da bai taɓa ganin laka ba sai a ƙofata. Taron maraba da bazara suke ce masa. Ni ce mai dafa musu dankali da cuku, ni ce kuma mai goge ƙasa bayan sun wuce.

Amma ba girkina ke kawo su ba. Yayana Anselme ke kawo su, shi da zakaransa.

Zakaran tsauni nake nufi, baƙin tsuntsun nan mai girman talotalo da jar gira, wanda mutum zai tsufa a ƙauyenmu Hautrupt bai taɓa sa shi a ido ba saboda tsabar gudun mutane da yake yi. A bin sa Anselme ya ƙarar da ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa. Saboda tsuntsun nan ne aka rufe dajin da ke saman ƙauyenmu, ba a sarar itace, ba a shiga da mota. Bara hukumar gandun ta ce ta gaji da jira. In bana ba a ga kazarsa, wato macen, ko ɗaya ba, to tsuntsun ya ƙare a nan ke nan, za a buɗe wa masu katako da masu tseren keke dajin. Suka turo ma'aikacinsu, Thiébaut, ya hau tare da mu ya gani da idonsa.

Da yamma ana cin abinci Anselme ya tashi yana koya musu tafiya, kai ka ce yara ne.

"Waƙarsa hawa-hawa ce," ya ce. "Da fari za ku ji tak, tak, kamar ana buga sanduna biyu. Kada wanda ya motsa. Sai ku ji fau, kamar an cire murfin kwalba. Daga nan sai ya shiga wasa wuƙa, shiii-shiii. To a nan kurma ne, ko bindiga aka harba ba ya ji. A nan kawai ake ɗaga ƙafa. Yana yin shiru ku daskare, ko da ƙafa ɗaya ce a sama."

"Ko da ƙafa ɗaya a sama?" in ji Madam Grosjean, wata tsohuwar malamar makaranta da ta zo da jar riga mai kashe ido.

"Ko da atishawa ce a hancinki, Madam. Wannan rigar kuma a nan za ta kwana, tun daga Jamus ake hango ki."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ja Anselme kicin na miƙa masa tsumma.

"Yaya, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da ganin kaza?"

"Odile, cukunki ya yi gishiri yau."

"Ba cuku na tambaye ka ba."

Ya ɗauki faranti yana ta gogewa, farantin da ya riga ya bushe. "Na ji wani abu bayan rafi, makon jiya."

"Ji ka yi, ko gani?"

Ya ci gaba da goge farantinsa. Haka yake tun muna yara, in ka matse shi sai ya zama kututture. Haushi ya sa na ce gobe da ni za a hau, ni da rabona da dajin nan tun gwiwoyina suna jin maganata.

Da asuba muka kama hanya. Sanyi kamar zai tsinke kunne. Ragowar ƙanƙara tana nan a gindin itatuwa, ta yi datti, ƙasa kuwa duk ruwa. Anselme yana gaba, Thiébaut yana biye da shi, sauran a jere, ni ce ƙarshe ina haki ina zagin kaina a zuci. Gari ya fara haske ke nan ya ɗaga hannu. Muka tsaya.

Tak. Tak. Tak-tak-tak. Fau. Sai wasa wuƙa.

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Rabona da jin wannan tun babanmu yana da rai. Muka shiga abin da aka koya mana: yana wasa wuƙa mu yi tsalle gaba, yana shiru mu daskare. Manyan mutane masu furfura, likita a ciki, har da wani lauya, kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Da wani ya gan mu sai ya ce gidan mahaukata aka buɗe. Na hangi fuskar Anselme ta gefe, ta yi haske kamar ta yaro, zuciyata ta ce kai, wataƙila dai akwai kazar nan.

Sai waƙar ta tsaya. Muka ji fuka-fuki sun bugi rassa, wani abu mai nauyi ya dira ƙasa. Ga shi nan ya fito fili tsakanin itatuwa, wutsiya a baje, wuya a miƙe, kuma wurinmu ya nufo. Bai yi ko ɗar ba. Ya zo har gaban Anselme, ya kewaye shi yana jan fuka-fuki a ƙasa, ya tsaya ya ɗaga baki ya fara rera wa takalminsa waƙa.

"Wayyo Allah, ku duba!" in ji Madam Grosjean, ta manta da duk wani shiru. "Ya san shi! Wallahi ya san shi!"

Nan fa kowa ya zaro waya. Lauyan nan har da durƙusawa a laka. Wani yana cewa shekara da shekaru yana zuwa bai taɓa samun sa'a irin ta yau ba, wata tana share hawayen murna.

Ni kuwa na san ba abin murna ba ne. Duk ɗan Hautrupt ya san wannan, tun a bakin iyayenmu muka ji. Zakaran tsauni ba ya kusantar mutum sai in ya yi ta kira bai samu kaza ba, bai samu ko ɗan'uwansa zakara da za su yi faɗa ba. Sai kansa ya juye, ya koma yi wa duk abin da ke motsi rawa. Abin da suke tafa wa ke nan.

Anselme bai motsa ba. Tsuntsun yana saran takalminsa, shi yana kallon bayansa, can cikin itatuwa, ko wani abu zai biyo shi. Babu abin da ya fito.

Thiébaut ya matso a hankali. Shi ma ya sani, na gani a fuskarsa. "Malam Anselme," ya ce ƙasa-ƙasa, "kaza fa?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ni na gan ta! Shekaranjiya, bayan rafi. Ja-ja ce, mai ɗige-ɗige, ta tashi a gabana fir."

Thiébaut ya dube ni. Yaron kirki ne, na san uwarsa, kuma na rantse da Anselme ya gyaɗa kai kawai da ya karɓa, da mun samu wata shekarar.

"Ba ta gan ta ba," in ji Anselme.

"Yaya!"

"Odile ba ta bambanta kaza da kututture. Kuma shekaranjiya tana kasuwar Gérardmer tana faɗa da mai kifi." Ya juya wajen Thiébaut. "Babu kaza, Thiébaut. Bara ma babu. Abin da na ji bayan rafi kurege ne, na sani tun a ranar."

Kamar in shaƙe shi. Na ce masa tsohon banza mai taurin kai, na ce masa dajin nan da bakinsa ya sare shi. A gaban baƙi na faɗa, ban ji kunya ba.

"In na yi ƙarya, wa zan kawo wa zakaran?" ya ce. "Ke za ki yi masa ƙwai?"

Thiébaut ya cire hularsa ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Baƙin ba su ji mu ba, suna can suna nuna wa juna hotuna. Madam Grosjean ma cewa take lallai baɗi za ta zo da jikokinta.

Muka juyo. Ba wanda ya ƙara jiran wasa wuƙa, kowa yana tafiya yana surutu kamar an tashi daga coci. Sai muka ji tak, tak a bayanmu. Ya biyo mu. Ya tsallake rafi da mu, ya wuce allon da aka rubuta an rufe daji, har bakin titi inda aka ajiye motoci. Baƙi suka shige suna ɗaga masa hannu, suna tambayata ko akwai kofi mai zafi a gida.

Anselme ya tsaya shi da tsuntsun a kan kwalta. Ya kore shi da hula, ya ƙi tafiya. Ya buga ƙafa, tsuntsun ya ƙara baje wutsiya. A ƙarshe ya sunkuya da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, har fuskarsa ta zo daidai da ta tsuntsun.

"Koma gida, malam," ya ce. "Nan ma babu kowa."

Na kama hannun yayana na ja shi zuwa mota. Da na waiwaya, zakaran yana tsakiyar titi, baki a sama, yana wasa wuƙa. Na danna masa oda don ya kauce, bai ji ba.