Ɗigon da ke Shafi na Arba'in da Ɗaya

Tun ranar Litinin Dubravka ta kasa zama wuri guda. Ta zauna ta miƙe, ta dafa gahawa ta mance da ita har ta huce, ta buɗe taswira ta naɗe ta sake buɗewa. Duk a kan wani ɗan shuɗin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba.

Ita ce ta rubuta littafin jagorar doguwar hanyar Velebit, tafiyar kwana tara a ƙasa bisa duwatsu, yau shekara goma sha biyu. Ɗan siririn littafi ne, don ta san halin mutanenta. Mu masu wannan haukan yawon duwatsu ai sai addu'a. Mutum ya yanke mariƙin buroshin haƙori, ya sa almakashi ya datse farin gefen taswira, ya yage shafin da ya riga ya wuce ya hura wuta da shi, wai don jaka ta ragu da giram biyar. Ruwa kuwa shi ne babban abokin gabarmu, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Babu mai ɗaukar fiye da abin da zai kai shi ɗigo na gaba, wato alamar ruwa a taswira. A shafi na arba'in da ɗaya, tsakiyar tafiyar awa goma sha ɗaya da babu ko inuwar kirki, ɗigo ɗaya ne tak, da rubutu a gefensa: Rijiyar Jandre, mai tara ruwan sama, ba ta ƙafewa.

Abin da ya hana ta sukuni saƙon wani ɗan ƙasar Czech ne. Yabo ya rubuto, amma a ƙarshe ya ce abu ɗaya ya ɗaure masa kai: ruwan rijiyar nan warin ruwan famfo yake yi.

Ranar Laraba Zvonko, mai zana mata taswirori, ya kira.

"Uwar duwatsu, Juma'a da safe zan kai sabon bugu maɗaba'a. Akwai gyara ko babu?"

"Ka ga saƙon ɗan Czech ɗin?"

"Na gani. Mutumin da ya kwana biyar yana cin garin miya ɗanye, shi ne zai gaya mana ɗanɗanon ruwa? Haba! Bana kaɗai mutum nawa suka rubuto sun sha?"

"Ina famfo a kan dutse, Zvonko?"

"To yaushe rabonki da wurin?"

Ya taɓa inda ke mata ciwo. Shekara bakwai rabon da ta taka wannan yankin. Gwiwa ta dame ta, mutane kuma suna ta rubutowa akwai ruwa, sai ta miƙe ƙafa ta bari aka sake buga littafin har sau biyu. Kunya ce ta kama ta, sai ta huce a kansa, ta ce kada ya kuskura ya taɓa komai sai ya ji daga gare ta.

Da sassafe ranar Alhamis ta ajiye mota a gindin dutse ta kama hawa. Lita ɗaya ta ɗauka, daidai yadda littafin ya ce, don in ƙarya ta yi wa mutane, gara ita ma ta ɗanɗana. Kafin sha ɗaya gorar ta koma rabi. Ranar watan Agusta tana dukan farin dutse, dutsen yana ramawa a fuskarta. Ta yi ta sauri ba gaira ba dalili, tana duba agogo, tana zagin gwiwarta, tana zagin ɗan Czech, can kuma ta koma zagin kanta. Sha biyu da rabi ta shanye kurɓin ƙarshe.

Rijiyar tana nan inda ta san ta, a cikin kwari kusa da kangon bukkokin makiyaya, da murfinta na ƙarfe da guga ɗaure da igiya. Ta zura gugan, ta ji ya ce ɓulum, ta jawo shi da ruwa rabi. Ta yi ajiyar zuciya, ta kai baki. Kafin ta haɗiye ta ji warin. Ɗan Czech bai yi ƙarya ba.

Ta kwanta rub da ciki ta haska tocila. Wata shuɗiyar gangar roba ce aka zura aka daidaita ta a ƙarƙashin bakin rijiyar, yadda duk gugan da ya sauka a cikinta zai faɗa. Kewaye da ita babu komai sai busassun ganyaye. A bango ga wata tsaga da hannu zai shige. Rijiyar ta ƙafe.

Tana nan kwance ta ji ƙararrawa. Wata tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya take haurowa ta wata 'yar hanyar awaki da ba ta cikin taswira, alfadari yana bin ta da jarkoki huɗu. Dubravka ta gane ta. Manda ce, matar Jandre, makiyayin da ya nuna mata rijiyar tun farko. Teta take ce mata, wato gwaggo.

"Teta Manda! Ke ce?"

"Da wa kike so ya zama? Tashi daga nan, za ki zuba mini ƙasa a ciki." Tsohuwar ta ƙare mata kallo. "Au, mai littafi ce. Kin yi ƙiba. Kama mini nan."

Suka sauke jarkokin, Dubravka tana juyewa, tsohuwar tana faɗa mata ta bi a hankali.

"Tun yaushe, Teta?"

"Shekara shida. Sanyin wata shekara ne ya tsaga ta. Mu ba mu ma sani ba, tunda mun sayar da tumaki. Sai ga wata yarinya 'yar Poland ta gangaro mana ƙauye, tafiyar awa uku, leɓɓanta duk sun fashe, ko magana ba ta iyawa. Ta faɗi a ƙofarmu da 'yar takarda a dunƙule a hannu. Da muka ɓamɓare yatsun, marigayi ya sa tabarau, sai ya ga sunansa."

"Marigayi?"

"Bara waccan. Ke ina za ki sani." Ta yi alamar gicciye. "Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya ce shi da ko a jarida ba a taɓa rubuta shi ba, ga shi a littafi, kuma sunansa ya kusa kashe 'yar mutane. Shi ne ya sayo ganga. Litinin da Alhamis yana hauro da ruwan famfo, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Da ya tafi, alfadarin ya riga ya san hanya, ni kuma me nake yi a gida?"

"Don Allah me ya hana ku rubuto mini? Layi ɗaya fa!"

"Na ce masa. Ya ce in kin ji, za ki goge shi."

Dubravka ta ji hawaye ya taho mata, haushi kuma ya riga shi. Haushin tsohon, haushin tsohuwar, mafi yawa haushin kanta da ta zauna a birnin Zagreb tana karɓar yabo, mace mai shekara saba'in da takwas tana cika mata alkawari da gwiwoyinta.

"Ba za ki iya ci gaba da wannan ba, Teta."

"Wa ya ce zan ci gaba? Ɗana zai kwashe ni zuwa birnin Zadar da kaka. Wai bene na huɗu. Yau ma sau shida na zauna a hanya."

Dubravka ta hau wani dutse inda waya ke kamawa, ta kira Zvonko. Ta juya wa tsohuwar baya, amma kwarin nan ba ya ɓoye magana.

"Cire ɗigon. A'a, bar sunan, ka ma ƙara masa kauri. Rubuta: Rijiyar Jandre, babu ruwa, a ɗauki lita huɗu."

"Lita huɗu? Za su tsine mana!"

"Su tsine da ransu."

Da ta sauko, Manda tana ɗaure jarkokin da babu komai, ba ta ɗago ba.

"Kin bar sunan. To, madalla." Ta ja igiya ta ƙulle. "Wancan na da, guda nawa kika buga?"

"Dubu goma sha ɗaya."

"Su kuma wa zai kira su a waya?"

Dubravka ta mayar da wayar aljihu. Littattafan suna can a kantoci da jakunkunan mutane, ana ba da aronsu, ana yage shafi na arba'in da ɗaya ana cusawa a aljihu, kowanne da ɗigonsa.

Tsohuwar ta miƙo mata igiyar alfadarin.

"Ba ya son a ja shi. Ki shige gaba kawai, zai biyo ki. Gangar nan ba za ta cika kanta ba. Ki lura da hanyar da kyau, 'yata, ba ta cikin littafinki."