Danjar Babur ɗin Baba

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma abin da na fara lura da shi a ciki shi ne Baba ya sa maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, amma ban yi mamakin ganinsa ba. Maɓallin ne ya dame ni. Na so in gyara masa, kunya ta hana ni.

Yana tsugune a bayan tsohon babur ɗinsa, baƙin nan da ya girme ni, a bakin wata ƙofar gari da ba ta da ganuwa. Ƙofa ce kawai tsaye a fili, amma kowa ta cikinta yake bi. Rana tana ƙasa, an jingine ta da wata bishiyar ɗorawa don ta huta.

"Uwata, kin iso?" in ji shi. Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Danja ce ta ƙi kamawa. Riƙe mini sukundireba."

Mai tsaron ƙofar wata zabuwa ce mai tabarau, tana zaune a kan tebur da hatimi a ƙarƙashin fiffike.

"Babu mai fita ba fitilar baya," ta ce. "Ta gaba ba ruwana da ita, wannan tsakaninsa da hanya ne. Ta baya kuwa haƙƙin waɗanda aka bari ce. Kuma da la'asar muke naɗe titi."

Na duba, na ga ashe titin doguwar tabarma ce, ga wasu dattawa biyu a gefe suna jira da igiya.

"In aka naɗe bai fita ba fa, ranki ya daɗe?" na tambaye ta.

"Sai ya zauna nan. Kujera ce dai babu." Ta nuna mini wani mutum can riƙe da keke. Ya daɗe a tsaye har gwiwoyinsa sun fitar da ganye, tsuntsaye suna shawarar yin sheƙa.

Baba ya kwance jan murfin, ya zaro ƙwan fitilar ya ɗaga shi sama. Siririn zaren da ke ciki bai tsinke ba, har wata 'yar mitsitsiyar tsohuwa tana shanya a kansa. Ya ba ta haƙuri, ya mayar da ƙwan a hankali. Ya ɗaga sirdi ya ciro fiyus, ya kara a kunne.

"Wannan yana numfashi. Taka mini birki mu gani."

Na taka. Siginar hagu ta lumshe ido, ham ya yi tari, can cikin gari wani rediyo ya kama karanta gaisuwa.

Baba ya yi dariya. "Kin gani? Wutar tana zuwa. Hanyar komawa batir ce ta ɓace mata, shi ya sa take faɗawa gidajen mutane. Akwai wata waya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, ta nan take komawa. Ita za mu nema."

Sai ga mu muna bin wayar a ƙafa. Ta fita daga ƙarƙashin sirdi, ta ratsa kasuwa, ta shiga zauren da na rubuta jarrabawata ta ƙarshe a jami'a. Na hango kaina a kujera ta uku, kai a sunkuye, wayar hannuna a kashe cikin jaka. Ranar ce aka yi ta kirana daga gida. Kafin in iso, har an dawo daga maƙabarta.

Baba ya leƙa takardar ta saman kafaɗata. "Rubutunki ya yi kyau," ya ce ƙasa-ƙasa, don kada ya dami masu jarrabawa. Ya ci gaba da bin wayarsa.

Mun sami ƙarshenta a ƙarƙashin madigadin tayar baya, tana reto a jikin wani noti da tsatsa ta cinye. Tururuwa suna taro a kansa, sai da muka jira suka yi addu'ar rufewa.

"To, mai digiri, me littafi ya ce?"

"Baba, ai tarihi na karanta."

"Madalla. Wannan tsatsar ma ta shekara arba'in ce, fanninki ne."

Ya miƙo mini samfefa. Na goge har ƙarfen ya yi fari, shi kuma ya feƙe bakin wayar da haƙori, ya ɗaura, ya tamke notin, ya naɗe da salatif.

"Yanzu koma baya ki tsaya. Aikinki na da."

Mai babur ba ya ganin danjarsa, dole sai wani ya tsaya a baya ya faɗa masa. Tun ina 'yar shekara shida ni ce mai tsayawa. Yayyena maza suna koyon tuƙi, ni kuwa abin da na iya ke nan: in tsaya shiru, in duba, in faɗi abin da na gani.

Ya hau, ya murɗa makulli, ya taka birki. Jan haske ya cika mini hijabi da tafin hannu, har da ƙasar da nake tsaye a kai.

"Yaya, Uwata?"

"Ba ta kama ba," na ce.

Ya daɗe yana kallon madubi, inda na tabbata yana ganina jawur tun daga kai har ƙafa. Sannan ya ce, "To," ya sauko, ya sake kwance murfin. Ya sake ba 'yar tsohuwar haƙuri. Ya sake kara fiyus a kunne. Yana yi yana ba ni labarin ranar da ya ɗauko ni daga asibiti a kan babur ɗin, Inna tana rungume da ni, yana tafiya a hankali har wani mai jaki ya wuce mu.

Ya hau, ya taka.

"Ba ta kama ba, Baba."

"To."

Karo na uku sukundireba ta suɓuce masa ta faɗi. Da na durƙusa in ɗauko masa sai na ga wani ɗan ganye kore shar ya tsiro a idon sawunsa. Ya ja ƙafar wandonsa ya rufe shi. Dattawan nan biyu sun riga sun kama bakin tabarmar.

Zabuwar ta dube ni ta saman tabarau. "'Yan mata, ni hatimi kawai nake bugawa. Shaida taki ce."

Baba ya hau da ƙyar, ya taka birki.

"Ta kama," na ce.

"Ban ji ba," in ji zabuwar. "Ku 'yan boko sai magana a maƙoshi."

"Ta kama, Baba! Ta kama sosai!"

Ta buga hatimin a kan iska. Baba ya tsinke ganyen ya yar, ya buga kik sau ɗaya, babur ya tashi. Bai waiwayo ba. Ya bi ta ƙofar a hankali, dattawan suna naɗe titi a bayansa. Can da nisa ya taka birki sau biyu, ba don wani abu ya tare masa hanya ba. Na tsaya ina kallon jan har ya koma kamar ƙwayar barkono, na ci gaba da kallo har ya ɓace.

Ƙarar cokali ce ta tashe ni. Inna ce a tsakar gida tana kankare ƙanzon tukunya. Sai da ta kira ni sau biyu kafin in amsa.