Hannu a Cikin Kwandon Awo

Kun sha zama a irin wannan bencin. Kun ga mace tana neman kifewa a gefenku, kuka sunkuyar da kai kan waya kamar an aiko muku da saƙon gaggawa. Abin da mata sama da arba'in ke yi ke nan a barandar awo safiyar Talatar nan, lokacin da Hamdiyya ta miƙe tsaye karo na huɗu, ta yi taku biyu zuwa teburin nas, ta sake dawowa ta zauna.

"Anti, ki zauna wuri ɗaya mana," in ji Ugomma. "Kina ƙara sa kaina juyawa."

Ugomma maƙwabciyarta ce a gidan hayar da suke ciki a unguwar Kwamba a Suleja, ɗakunansu na kallon juna. Cikinta wata takwas, mijinta Chukwudi kuma ya tafi saro kayan gyaran babur tun Lahadi. Da safen nan Hamdiyya ta gama shirin tafiya aiki Abuja, ta rataya katin ofis a wuya, ta fito, sai ta tarar da ita zaune a bakin famfo ta riƙe kai da hannu biyu, fuskar ta kumbura har idanun sun shige ciki. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta miƙa Kosi, ƙaramar 'yar Ugomma, ga matar mai gida, ta tare keke napep, suka taho.

A wannan asibitin ba mutum ke bin layi ba, kati ke bi. Akwai wani jan kwandon roba a kan tebur. Kowace mace ta zo, ta ɗora katinta a kan na wadda ta riga ta, ta nemi wuri ta zauna. In nas ta shirya sai ta kife katunan gaba ɗaya, na ƙasa ya dawo sama, ta fara kira. Matan sun yarda da kwandon nan fiye da yadda suka yarda da nas ɗin kanta. Za ki iya taka ƙafar mace ta yafe miki, amma ba a taɓa kwando. Katin Ugomma kuwa ya shiga ne bayan bakwai da rabi, akwai talatin da wani abu a gabansa.

Hamdiyya ta san wannan fuskar. Shekara huɗu da suka wuce, a Zariya, haka yayarta Ummukulthum ta tashi da ciwon kai da kumburi, aka ce nauyin ciki ne. Kafin la'asar jijjiga ta kama ta, kafin magariba an rufe mata fuska. Ta san abin da take kallo. Abin da ya hana ta tashi ta yi ihu wani abu ne daban, kuma yana cikin jakarta.

Wata biyu ke nan da wani bidiyo ya cika wayoyin gari. Wata mata ce a gidan mai, da tabarau, da katin ofis a wuya, ta tsallake layin motoci ta leƙo ta taga tana nuna ƙirjinta: "Kun san ni kuwa?" Kafin gari ya waye an raɗa mata Hajiya Kun-San-Ni. An sa mata kiɗa, an mayar da fuskarta sitika. Hamdiyya na da kala bakwai a wayarta. Ita ce ma ke fara tura su a guruf ɗin ofis duk ranar da wata ta yi ƙorafi, ta yi ta dariya har da hawaye. Matar ta ci mutuncin mutane, ta cancanta, haka ta gani. Amma sunan bai tsaya a kan matar ba. Ya bi duk macen da ke da tabarau da jaka mai hannu. Ki ce wa direba mutum huɗu sun yi yawa a baya, ke ce. Ki mayar da tumatir ruɓaɓɓe a kasuwa, ke ce. Ko ɗazu da ta ce wa mai keke ya bi ramuka a hankali, sai ya kalle ta ta madubi ya ce, "An gama, Hajiya Kun-San-Ni."

Karo na biyar ta daure ta ƙarasa teburin. Ta rusuna, ta rage murya kamar mai neman aron gishiri.

"Sista, don Allah, ƙanwata ce ba ta da lafiya. Kanta ke ciwo tun asuba, fuskarta duk ta kumbura. Ko za a ɗan gwada jininta?"

Sista Hilda ba muguwa ba ce. Ita kaɗai ce a teburin, abokiyar aikinta ba ta zo ba, tana rubutu da hannu ɗaya tana gyara ma'auni da ɗayan. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Madam, duba bencin nan. Wa ba ta da ciki? Wa ƙafarta ba ta kumbura ba? Kin sa kati?"

"Na sa."

"To, kwando zai kira ki."

Daga benci na biyu wata ta yi tsaki. "Ga su nan, 'yan Abuja. Mu da muka zo tun shida jakai ne."

"Bar ta, yanzu za ta tambaye mu ko mun san ta," in ji wata, aka kwashe da dariya.

A can bakin baranda, inda maza ke jiran matansu, wani mai rigar ƙwallo ya ciro waya ya riƙe ta daidai ƙirjinsa, bai ɗaga ba tukuna, yana jira. Hamdiyya ta gan shi. Ta koma wurin zamanta da sauri. Ta cire katin ofis ta cusa a jaka. Ta cire tabarau ɗin ma, duk da cewa ba ta gani sosai sai da shi. Wayarta ta yi ƙara, shugabarta ce daga ofis, ta kashe. Ta duba agogo, tara saura kwata. An kira mutum shida. Ta yi lissafi, ta bari, ta sake yi. 

"Maman Kosi, yaya kan?"

"Da sauƙi, Anti. Kar ki ja faɗa saboda ni. Kin san bakin mutane." Ugomma a Suleja aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce, mai kaifi, amma yau kalmomin na fitowa a hankali kamar ana jawo su. "Ki tafi aikinki ma. Zan jira."

"Ba inda za ni."

An kira ta bakwai. An kira ta takwas, ba ta nan, ta tafi bayi, aka tsaya jiranta. Hamdiyya ta ciji leɓe. Ta ga kanta a cikin wayoyin Suleja da Madalla da Tafa, baki a buɗe, an sa mata kiɗa. Ta ga mahaifiyarta a Zariya ana nuna mata. Ta ga mutanen ofis, waɗanda ita da kanta ta koya wa tura sitika.

Sai Ugomma ta kama mata gwiwa.

"Anti, wa ke haska mini fitila a ido?"

"Ba wanda ke haska miki komai."

"Ina ganin wasu abubuwa na walƙiya. Kuma nan," ta dafa ƙasan haƙarƙarinta na dama, "kamar an soka mini wuƙa."

Kalmomin Ummukulthum ke nan, kusan ɗaya bayan ɗaya.

Hamdiyya ba ta san lokacin da ta isa teburin ba. Ta tura hannu cikin jan kwandon har wuyan hannu, ta watsa katunan, shuɗaye da ruwan ɗorawa suna zubewa ƙasa, har ta ga sunan Ugomma. Ta ciro shi ta buga a kan littafin da Sista Hilda ke rubutu.

"Ki gwada jinin matar nan yanzu!"

Barandar ta tashi gaba ɗaya. "Ta taɓa kwando!" "Ta hargitsa mana layi, Allah ya isa!" "Ke wace ce?" Wata mai goyo ta fizgi mayafinta ta baya. Mai rigar ƙwallo ya ɗaga wayarsa sama, wasu uku suka bi shi. "Mun samu sabuwa!" in ji shi, yana dariya. "Hajiya, faɗa mana, mun san ki kuwa?"

"Madam, za ki fita ko in kira mai gadi?" Sista Hilda ta miƙe.

"Kira shi! Kira duk wanda za ki kira, amma ki ɗaura mata abin nan a hannu tukuna. Tana ganin walƙiya, Sista! Haƙarƙarinta na suka! Yayata haka ta mutu ina kallo!"

Kalmar walƙiya ce ta tsayar da nas ɗin. Ta kalli bayan Hamdiyya, ta ga fuskar Ugomma da kyau a karon farko. Ta ɗauki abin gwajin jini ta ratsa matan, ta ɗaura, ta matsa iska, ta zuba ido a kan allurar. Ta saki, ta sake matsawa. Sannan ta juya ta ƙwala kira cikin wata murya da ba a taɓa jin ta da ita ba.

"A kawo keken marasa lafiya! A kira likita, a ce masa yanzu yanzu!"

Cikin minti biyu an tura Ugomma ta dogon lungun da ke zuwa ɗakin haihuwa, silifas ɗinta ɗaya ya faɗi a hanya. Hamdiyya ta tsince shi. Masu waya sun riga sun sauke, abin da suke so sun samu. Matan kuwa sun durƙusa suna tattara katuna, suna gardamar wa ta riga wa, ba mai kallonta sai da harara.

Sai bayan azahar Sista Hilda ta leƙo ta same ta a bencin lungu.

"An yi mata allura, hawan jinin ya fara sauka. Likita ya ce yau za a ciro yaron. Da an ƙara awa ɗaya..." Ba ta ƙarasa ba. "Ki kira mijin."

Hamdiyya ta ciro waya don ta kira Chukwudi, ta tarar da saƙo sittin da ɗaya. Guruf ɗin ofis ne a sama. Bidiyo ne, daƙiƙa tara kacal: hannunta cikin kwando, katuna na tashi, bakinta a buɗe, an riga an sa kiɗa. A ƙasa an rubuta, Hajiya Kun-San-Ni ta je awo. Wani abokin aikinta ya tambaya, "Wai wannan ba Hamdiyyarmu ba ce?" Wata ta amsa masa da sitika, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan.

Tana kallon fuskarta tana maimaituwa sai ta ji an taɓa mata hannu. Wata tsohuwa ce da zanen atamfa da ya koɗe, tana magana ƙasa ƙasa.

"'Yar nan, daga ƙauyen Garam muke. Matar ɗana ce can a ƙarshen benci, tun safe take zubar da jini, ta hana ni faɗa, wai kar a ce mun cika son kai. Katinmu na can baya. Ni bakina ba ya iya irin naki."

Hamdiyya ta dubi barandar. An jera katunan a kwando kamar da. Mai rigar ƙwallo yana nan, matarsa ba ta fito ba, wayar na hannunsa. Ta buɗe jaka, ta ciro tabarau ta saka, ta mayar da katin ofis wuyanta.

"Taso mu je, Mama. Yaya sunanta?"

Bidiyon Hamdiyya na biyu ya fi na farko tsawo, kuma zai iso wayarku kafin Juma'a. Kada ku tura shi. Ku kira wanda ya turo muku, ku tambaye shi sunan yarinyar da ke ƙarshen benci.