Lagireton Alhaji Rosdi

"A'a, ba wannan ba," in ji Alhaji Rosdi. Ya ture lagireton jan ƙarfen da bayan hannu. "Ɗauko mini na alminiyam, irin wanda na saya bara."

Madam Teoh ba ta motsa ba. Shagonta ɗan lungu ne a hawa na uku na kasuwar kwamfuta a George Town, cike da tiyo da ƙananan famfuna da kwalaben ruwa kala-kala, kayan masu sanyaya kwamfuta da ruwa. Ta sauke tabarau ta dubi takardar da ya ajiye mata a kan kantar shagon. Rubutun 'yarsa Nurin ne, kuma a gaban kalmar lagireto ta rubuta jan ƙarfe.

"Alhaji, takarda ta ce jan ƙarfe."

"Bara ma haka ta ce. Yara ne, abin da suka gani a waya shi suke rubutawa. Shekara talatin da biyu ina gyaran lagireton mota, Madam. Alminiyam ya fi saurin sakin zafi, ga shi ba nauyi."

Wannan shekara talatin da biyun babu wanda bai ji ta ba a unguwarsu, har liman. Tun da ya rufe garejinsa ya zama ba shi da abin gyarawa sai mutane.

Nurin zanen gidaje take yi wa kamfanonin gini, irin hotunan da ake nuna wa mai saye tun ba a haƙa tushe ba. Aikin yana sa kwamfuta zafi, shi ya sa bara ta ce za ta sanyaya tata da ruwa. Ita ta rubuta kayan, uban ya sayo, mijinta Azrul ya haɗa. Kwana bakwai da suka wuce ruwa ya ɗiga daga saman na'urar ya ƙone katin da ke fitar da hoto, saura kwana uku ta miƙa aiki. Kamfanin ya koma wa wani. Ba a yi wani dogon bincike ba, kowa ya ce Azrul ne bai ɗaure tiyo da kyau ba. Ranar Lahadi, a gaban dangi ana cin abinci, Alhaji Rosdi ya ce hannun da ya saba da alli ba a ba shi sifana. Azrul malamin firamare ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Abba." Daga nan Nurin ta haɗo jaka ta dawo gidan ubanta, wai tana so ta huta, yau kwana huɗu ke nan. Ko da zai yi rantsuwa, Alhaji Rosdi ba zai iya cewa abin bai yi masa daɗi ba.

"Ba zan sayar maka ba," in ji Madam Teoh.

"Kuɗina ne fa."

"Riƙe kayanka. Bara na ce maka kar a haɗa, ka karanta mini shekara talatin da biyu har na gaji na ba ka. Tsaya ka gani."

Ta sunkuya ƙarƙashin kantar ta ciro leda, ta zazzage. Baƙin lagireto ne, an yanka gefensa da zarto. Ya gane shi, don shi ya zaɓe shi da hannunsa. Cikinsa ya cika da wani farin gari mai danƙo, kuma a kusurwa akwai huda da ba ta fi bakin allura ba.

"Farantin da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar jan ƙarfe ne. Wannan alminiyam. Ruwa ɗaya yana zagaya su. Sauran kai za ka gaya mini, malamin lagireto."

"A mota ai haɗa su ake yi," ya ce, amma muryarsa ta riga ta sauka.

"A mota wane ruwa kuke zubawa?"

Ya ƙura wa farin garin ido. Koren ruwa suke zubawa, mai maganin tsatsa a ciki. Direbobi nawa ya yi wa tatas a gareji saboda sun zuba zallar ruwa, ya nuna musu irin wannan farin garin da tsinin sukudireba? Ita kuwa Nurin ruwan batir ta zuba, fari tas, domin a saninta jan ƙarfe ne duk kayanta. Fentin baƙi ne, babu mai gane wane ƙarfe ne a ƙasa. Bai taɓa tambayarta ruwan da za ta zuba ba, bai kuma taɓa gaya mata ya canza abin da ta rubuta ba.

"A ina kika samo wannan?"

"Surukinka ya kawo, washegarin da abin ya faru. Ya ce in duba masa tiyon da bai ɗaure ba. Na ce tiyonka lafiya lau, yaro, ka ɗaure su kamar za a kai su yaƙi. Na yanka wannan a gabansa. Ya tambayi wanda ya zaɓa, na gaya masa." Ta mayar da tabarau. "Ya ce kar in faɗa wa matarsa. Bai ce kar in faɗa maka ba."

Alhaji Rosdi ya lissafa kwanakin a ransa. Washegari Juma'a ce. Ashe ranar Lahadin nan yaron ya riga ya sani, yana zaune da shinkafa a gabansa ana ci masa mutunci.

Ya sayi komai yadda takarda ta ce, bai ƙara ko tari ba. Ya nemi ta ba shi tsohon lagireton, ta naɗe masa a jarida.

A ƙasa ruwan sama ya tsuge, ya fake a rumfar mai shayi kusa da inda ya ajiye babur. Shayin ya huce a gabansa bai taɓa ba. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaron gareji. Ya tuna cewa tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiran Azrul a waya don gaisuwa ba, sai dai saƙo ta bakin Nurin. Sai da ya sha wahala kafin ya gano lambar, don da "Mijin Nurin" ya ajiye ta.

"Assalamu alaikum, Abba. Lafiya dai? Nurin ce?" Ana jin hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Lafiyarta ƙalau. Daga wurin Madam Teoh nake."



"Matar nan ba ta riƙe magana," in ji Azrul.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In ce me, Abba? A gaban su Gwaggo?"

"Ita Nurin fa? Ka bar matarka ta tafi a kan laifin da ba naka ba?"

"Ni ta saba da shirmena. Ko ƙwan fitila zan sa sai ta tsaya a kaina. Fushin zai wuce. Amma tun rasuwar Umma, duk abin da ya lalace mata cewa take bari Abba ya zo. Na ga kamar... ban so in zama ni na taɓa mata wannan ba." Ya yi 'yar dariya. "Abba, a bar shi haka. Don Allah. An kaɗa ƙararrawa, zan shiga aji."

Wannan roƙon shi ya fi yi masa ciwo. Da yaron ya yi masa rashin kunya, da ya san abin da zai yi da shi. Ga shi an ba shi hanyar fita a buɗe, kuma ransa yana son ta ƙwarai. Duk tsawon hanyar gida yana tuƙi yana shirya yadda zai yi shiru, ya haɗa sabbin kayan da kansa, na'ura ta tashi, Nurin ta huce ta koma ɗakinta, ba wanda ya rasa komai.

Ya tarar da ita a kicin tana zuba shinkafa da miyar kifi a faranti biyu.

"Abba, ka jiƙe! Ka samo?" Ta buɗe ledar, ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya. "Yawwa. Wannan karon kai za ka haɗa mini. Ba zan sake bari wani ya taɓa ba, ko ya zo yana kuka."

"Zauna, Nurin."

Ya warware jaridar a kan tebur. Farin garin ya zube kusa da tulun ruwa. Ya faɗa mata duka, daga takardar bara har zuwa Juma'ar da Azrul ya je shagon. Bai ambaci shekara talatin da biyu ba ko sau ɗaya.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa ta taɓa hudar, ta dubi yatsan.

"Ranar Lahadin ya sani?"

"Ya sani."

"Ni kuma na ce masa..." Ba ta ƙarasa ba.

Ta shiga ɗaki. Ya ji ana jan zif. Ta fito da jakarta, ta ɗauki ledar sabbin kayan daga kan tebur ta rungume a ƙirji.

"In zo gobe in taya ku haɗawa?" ya tambaya.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi, ba ta juyo ba.

"Azrul ya iya, Abba."

Ya ji tashin motarta, ya ji ta sha kwana. Ya daɗe yana kallon faranti biyun, sannan ya tashi ya rufe ɗaya.