Ranar da Na Je Goya Jikata a Jami'a

Ni da kuke gani ban taɓa zama a aji ba, amma a wajen dako babu wanda bai san ni ba. Babbar mota ta taɓa kifewa da ni, na tashi na karkaɗe rigata. To, wata malamar jami'a ta zo gidanmu, wai suna neman ɗalibai irin jikata mai tafiya a keken guragu. Na ce ba inda za ta.

"Makarantarku duk benaye ce. Wa zai riƙa hawa da ita in ba ni ba?"

"Baba, ku zo ku gani tukuna," in ji malamar.

Muka je. A gindin matakalar ɗakin karatu na naɗe hannun riga, na durƙusa don kowa ya shaida.

"Hau bayana, 'yar nan."

"Tsoho, tashi kar ka ba ni kunya."

Na yunƙura zan miƙe, gadon bayan nan da ya ɗauki buhunan duniya ya ce bai san zancen ba. Ina nan a duƙe ta murza kekenta, ta bi wata shimfiɗaɗɗiyar hanyar siminti da aka yi wa irinta a gefe. Sai ga ta a sama tana leƙo ni.

"Angona, in aiko a goyo ka?"

Ɗalibai ne suka tallafe ni ta hanyar tata. Kafin mu kai sama na amince ta yi karatunta. A unguwa kuwa na ce duba musu ginin na je yi, kuma ba laifi, sun yi ƙoƙari.